Kwantaccen kwal da kwal mai haƙuwa: mu tsayar da kalmomi

Jama'a, ku zo mu warware wannan. A fassarar labaran ma'adinai, "resources" da "reserves" duk sai su koma "albarkatu". Abin yana damuna, domin mai karatu zai ɗauka duk kwal ɗin da aka ambata gobe ma ana iya haƙo shi.

Shawarata, na farko mu ce "kwantaccen kwal", wato duk abin da ake lissafin yana kwance a ƙarƙashin ƙasa. Na biyu kuwa "kwal mai haƙuwa", wanda za a iya fito da shi yanzu kuma a ci riba. "Ajiya" ba ta kwanta mini ba, don ba wani ne ya ajiye shi ba.

Zurfi yana cikin abin da ke raba su. A tsarin da Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka ta fitar a 1983, ana lissafa kwantacce har zurfin mita 1,800, amma mai haƙuwa galibi daga mita 300 na sama ake tsamo shi.

Inda aikin yake shi ne matakan tabbaci. Ana huda ƙasa, a zaro dutse dogo kamar sanda, a ɗora ma'auni a kan baƙin layin kwal a ga kaurinsa. Daga wannan ramin ake zana da'ira. Abin da ke cikin mita 400, "measured", shi ne "aunanne", wannan ba gardama. Daga nan zuwa mita 1,200, "indicated", na ce "mai alama". Har zuwa mita 4,800, "inferred", "na kintace". Abin da ya wuce haka, "hypothetical", "na zato".

Na san wasu za su fi son "ƙiyasi" a wurin "kintace". Ban goyi baya ba. Ko aunannen ma ƙiyasi ne, tunda faɗin fili ake ninkawa da kaurin kwal da nauyinsa a fitar da tan. Gara mu bar "ƙiyasi" ya zama sunan aikin baki ɗaya.

"Mai alama" ce har yanzu ban gama gamsuwa da ita ba. Na so in ce "nunanne", amma kunnen Bahaushe ɗan itacen da ya nuna zai ji. Malamai da masu aikin haƙar ma'adinai, wace kalma ta fi dacewa a nan?