Wai babu Bahaushen da ya taɓa rubuta labarin ciwon damuwarsa ne?

Maman_Hanan (Jidda):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo, na fi sati ina rubutawa ina gogewa.

Shekarata 7 a Jidda, aure ya kawo ni, maigidana direba ne, yarana biyu, ina ɗan taɓa ɗinki da lalle a gida. Alhamdulillah ba ci na rasa ba, ba kuma dukana ake yi ba, shi ya sa ma na kasa faɗa wa kowa, don da ka ce ba ka jin daɗi tambayar farko ita ce to me aka yi maka, ni kuma ba ni da amsa. Tun bayan ƙaramar sallar bara abin ya faro, bacci ya ƙaurace min, ƙarfe uku na dare idona biyu ina sauraren ƙarar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da safe kuma jikina kamar an ɗora min buhun siminti, keken ɗinkin nan da nake ji da shi sai da ya yi wata huɗu a rufe, kayan mutane na mayar musu har da kuɗinsu. Abinci a bakina kamar dusa. Wanda ya fi ci min rai shi ne sallah, sai in sallame ban san me na karanta ba. Na je Umra sau biyu ko zan ji sanyi, ina ɗawafi ina ganin bayin Allah suna hawaye ni kuma ƙirjina kamar dutse, na dawo gida ina cewa shikenan ni munafuka ce.

Da na ɗan gutsura wa Umma a waya cewa ta yi, ke da kike maƙwabtaka da ɗakin Allah, mutane gona suke sayarwa su zo inda kike zaune, ki ji tsoron Allah ki daina butulci. Daga baya ta aiko da rubutu da hayaƙi, an yi min ruƙiyya har sau uku.

Ciwon kai ne ya kai ni mustausaf, likitar ta auna jini ta ce lafiya lau, ta yi min wasu tambayoyi ta ce wannan iktiab ne, wato ciwon damuwa. Wlh ban yarda da ita ba. Abin da ya sa na yarda wani rubutu ne da na ci karo da shi a waya, wata Balarabiya ta ba da labarin kanta, ta ce takan shiga banɗaki ta buɗe famfo don kar yaranta su ji kukanta, in ta fito ta ce musu sabulu ne ya shigar mata ido. Na ajiye wayar jikina na rawa, domin ni ma ƙaryar da nake yi wa Hanan kenan, sak. Ashe ba ni kaɗai ba ce.

To tambayata, akwai littafin da mutum ya zauna ya rubuta yadda ciwon nan ya yi da shi, da bakinsa, ba wa'azi ba ba kuma bayanin likita ba? Da Hausa na fi so, Larabcina na kasuwa ne, Turanci kuma sai a hankali.

Hajiya_Babba (Makka, Shara Mansur):

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yaye miki. Ni dai shawarata ki bar karance-karancen nan na waya, mai ciwo ya zauna yana jin labarin ciwo ai ƙara wa Borno dawaki ne. Shekarata 30 da wani abu a garin nan, mun ga rana mun ga tarhil, wato kamen mayar da baƙi ƙasashensu, mun binne namu a nan, da azkar da zamzam muka tsallake. Ki riƙe Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan safe da yamma, ki dinga fita cikin mutane.

Ɗalibi_Madina:

Hajiya Allah ya ƙara girma, addu'ar nan da kika kawo ita ce ma hujjar cewa abin na gaske ne, ba a neman tsari daga abin da babu shi. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, yana nan cikin Suratu Yusuf aya ta 84, babu wanda ya ce imaninsa ne ya yi rauni.

Yaya Maman Hanan, irin littafin da kike nema ni a wajen malamanmu na fara samunsa kuma ban yi zato ba. Imam Gazali, mai Ihya ɗin nan da ake karantawa a zaurukanmu, yana da ɗan ƙaramin littafi Al-Munƙiz minad Dalal inda ya ba da labarin kansa. Yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 a gabansa, suna ya kai ko'ina, sai a shekara ta 488 bayan hijira, wato 1095, abu ya same shi tun daga watan Rajab har kusan wata shida, harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya daina narkewa a cikinsa, ƙarfi ya tafi, har likitoci suka ce wannan abu ne da ya sauka a zuciya. A ƙarshe ya bar garin gaba ɗaya. Ba zan ce ciwonku ɗaya ba, shi ya fassara nasa da rikicin niyya tsakanin duniya da lahira, amma dai ki duba, mutum irin wannan ya rubuta da hannunsa cewa ya so ya yi magana ya kasa, bai ɓoye ba.

Akwai kuma Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a 934, a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya raba baƙin ciki gida biyu, wanda aka san dalilinsa kamar rashin ɗan uwa ko dukiya, da wanda yake faɗo wa mutum haka kawai ba sanadi, ya ce shi na biyun tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar maganin jiki. Sama da shekara dubu kenan fa. Farfesa Malik Badri ɗan Sudan ya fassara ɓangaren nan zuwa Turanci a 2013. Saboda haka mai tambayarki me aka yi miki, amsar ita ce ba sai an yi ba.

Da Hausa kam ban taɓa gani ba, marubutanmu sun cika shafuka da ciwon so da kishi, jaruma ta yi ta kuka har a kai ta asibiti a ce hawan jini ne, amma wanda zai ce ni ne wane kuma ga abin da ya same ni, shiru.

Nas_Riyad:

'Yar uwa sannu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Riyad, kuma na sha maganin nan da kaina wata 9 bayan haihuwata ta biyu, don haka ba daga littafi kawai nake magana ba.

Na Turanci da na karanta biyu ne. William Styron marubucin Amurka, Darkness Visible, ya fito a 1990, siriri ne, ciwon ya kama shi a 1985 yana da shekara 60, ya je Paris karɓar lambar yabo amma ko daɗinta bai ji ba, har sai da aka kwantar da shi a asibiti kuma ya warke. Sai Dust to Dew na Betty Irabor, 'yar Najeriya mai mujallar Genevieve, 2018, mace mai kuɗi mai suna ta yi shekaru tana fama. Rayuwarsu ba irin tamu ba ce ko kaɗan amma rashin baccin da jin cewa kai ba komai ba ne iri ɗaya ne.

Sai dai zan ɗan goyi bayan Hajiya a abu ɗaya, ba kowane dare ake karanta irin waɗannan ba, wani shafin in kina cikin tsanani ƙasa zai ƙara ja da ke, ki karanta da rana, in kin ji nauyi ki rufe. Kuma littafi abokin hira ne ba ya maye gurbin likita, ban ji kin ce kin koma wajenta ba. Mu abin da muke dubawa shi ne in abin ya wuce sati biyu kusan kullum, ke kuma kin doshi shekara. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 280 ke fama da shi, mata sun fi yawa. Magunguna irin su sertraline da fluoxetine ba ƙwayar maye ba ne, sukan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ji canji, mutanenmu a kwana goma suke yarwa su ce bai yi ba, in an samu sauƙi kuma ana ci gaba kamar wata shida, ba a yankewa rana ɗaya sai da likita. Ki tambaya ko gwajin da aka yi miki ya haɗa da na maƙoshi, wato thyroid, da na ƙarancin jini. Akwai layin waya 937 na ma'aikatar lafiya ta Saudiyya, da 920033360 na shawarar lafiyar ƙwaƙwalwa. In kuma tunanin gara mutuwa ya taɓa zuwar miki, kar ki kwana da shi ke kaɗai, ki faɗa wa Baban Hanan ku tafi ɗawari, wato sashen gaggawa na asibiti, a daren.

Ɗan_Maiwurno:

Salam. Ni Bahaushen Sudan ne, asalinmu Mai Wurno kusa da Sinnar, a Umdurman nake sana'a har yaƙi ya tashi 15 ga Afrilu 2023, yanzu ina Jidda wajen ɗan uwana. Mu can in an ce wane sai Tijani al-Mahi to an gama da kai, mahaukaci ake nufi, alhali sunan likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan ne aka sa wa asibitin masu taɓin hankali na Umdurman, mutumin da ya dinga aiki tare da shehunan masid, wato tsangayun Sudan, maimakon ya yi faɗa da su. Ni namiji ne, wa zan gaya wa ina kuka? Da na rasa wanda zan karanta sai na sayi daftari, wato littafin rubutu, na fara rubuta nawa, Hausa da harafin Larabci yadda muka saba, kullum bayan asuba ko layi uku ne. Bayan wata biyu na koma shafin farko na ga mutumin da ya rubuta shi ko wanka ba ya iya yi, ni kuma ga ni na fita aiki, da ban rubuta ba da na rantse ban motsa ba. Da shi na je wajen likita ma, na karanta masa, don baki ba ya iya faɗa.

Maman_Hanan (Jidda):

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Nas kin kama ni, ban koma ba, takardar maganin tana cikin jakata tun watan Safar, tsoro nake kar a ce matar wane tana shan maganin mahaukata. Jiya na karanta wa Baban Hanan abin da Malam ya rubuta kan Imam Gazali, ya yi shiru can ya ce ranar Talata ba shi da aiki da safe zai kai ni. Daftari kuma na ɗauki ɗaya cikin na makarantar Hanan, na yi shafi ɗaya da rabi, rabinsa zagin kaina ne amma dai na rubuta.

Hajiya_Babba (Makka, Shara Mansur):

To ni dai ina nan kan bakata, kar a saki azkar. Amma zancen famfon nan ya tsaya min. Shekarar da na rasa ɗana na fari na yi wata bakwai ban leƙa ƙofar gida ba, aka ce iska ce, aka yi ta turare, ni kuwa na san ba iska ba ce, ban dai san me zan kira shi ba, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau da jikata take buga min wannan. 'Yata in kin rubuta naki ki karanta a murya ki turo min, idona ba ya ganin ƙananan rubutu.