Mai sharhi ya yi katoɓara a talabijin kai-tsaye: wa ke taka masa burki?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Tambayata ga ma'aikatan yaɗa labarai da masana shari'a. A Disambar 2018 Tucker Carlson, mai ra'ayin riƙau a tashar Fox News, ya ce kwararar baƙin haure na ƙara wa Amurka talauci da ƙazanta. An yi masa ca, amma bai bar tashar ba sai Afrilun 2023. Me ya hana hukuma rufe shirin? Da a Kano aka yi haka, me zai faru?

Lauya na Gwale:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gyara na farko a kundin tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati hukunta mutum kan ra'ayinsa, komai muninsa. Sannan Fox News ta wayar kebul take shiga gidajen masu biyan kuɗi, ikon FCC kuwa, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a Amurka, ya fi ƙarfi kan tashoshin da ake kamawa da eriya. Ƙa'idar da ta tilasta a ji ɓangarori biyu ma an soke ta tun 1987.

Abin da ke cizo a can kuɗi ne. Bayan waccan magana kamfanoni da dama sun janye tallarsu daga shirin. Wadda ta fi zafi ita ce ƙarar ɓata suna da kamfanin Dominion, mai ƙera na'urorin zaɓe, ya shigar kan ƙaryar maguɗin zaɓen 2020, inda Fox ta amince ta biya dala miliyan 787.5, kuma ba a yi mako guda ba Carlson ya bar tashar. A lura da bambancin: mummunan ra'ayi ba ya kai ka kotu, amma ƙaga wa wani takamaiman laifi yana kaiwa.

A nan gida NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, ke da lasisi a hannu. A 2020 an ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, aka ci tashar rediyon Nigeria Info ta Legas wannan tara kan hirar Obadiah Mailafia, tsohon mataimakin gwamnan Babban Bankin Najeriya. A Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara.

Injiniya:
Barista ya gama da shari'a, ni zan taɓo ɗakin watsa shiri, don a nan ake ɓarin. Shirin kai-tsaye yana buƙatar na'urar jinkirta murya ta daƙiƙa 7 zuwa 10. Baƙo ya saki zagi, furodusa ya danna maɓalli, maganar ba za ta fita ba. Inda ake samun matsala: bayan an danna, na'urar na ɗaukar lokaci kafin ta sake tara daƙiƙoƙin, idan aka sa mai kiran waya a wannan tsakanin babu kariya. Sau da yawa kuma mutum ɗaya ke gabatarwa, shi ke amsa waya, shi ke riƙe da na'urori. Hannu biyu ba za su iya ba. A raba aikin, a tace masu kira, baƙon da aka san bakinsa a naɗe hirarsa tukuna.

Hajiyar Nassarawa:
Malam Ɗan Fagge, janye talla ba zai yi tasiri a Kano kamar can ba, kuma abin yana damuna matuƙa. Yawancin filin sojojin baka ɗan siyasa ne ya saye shi, wato mai tallar shi ne mai maganar. Wa zai janye? Kuma mun ga inda harshe ke kaiwa: a Fabrairun 2013, bayan kashe ma'aikatan rigakafin shan-inna a cikin birni, an dakatar da lasisin gidan rediyon Wazobia FM kan wani shiri da aka watsa kafin harin.

Wanda aka ci wa mutunci ya rubuta sunan shiri, rana da lokaci, ya adana muryar cikakkiya, ba guntun da ke yawo a Facebook ba, don guntu yakan yanke mahallin magana. Ya fara neman damar mayar da martani daga tashar a rubuce, in sun ƙi ya kai ƙorafi NBC tare da kwafin takardar.