Neman kalma: ƙasa ta sa hannu, ta amince, to mataki na uku fa?

Hajiyar Bolari: Salamu alaikum. Malamai da lauyoyi a taimaka. Shirinmu na rediyo zai fita ranar 25 ga Nuwamba, farkon kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata, kuma jibi za mu naɗi murya. Kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya, ratification da domestication. Duk inda na duba, "amincewa" ake ce wa kowacce.

Lauyan Jekadafari: Hajiya, nan ɓarnar take, don matakan uku ne. Ɗauki CEDAW, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1979 da ta hana nuna wa mata bambanci. Najeriya ta sa hannu a 1984, wannan niyya ce kawai. A 1985 ta miƙa takardar cewa yarjejeniyar ta hau kanta, har da kai rahoto duk shekara 4, wannan shi ne ratification. Na ukun, wato domestication, har yau ba a yi ba. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, in kuma batun ya shiga hurumin jihohi sai yawancin majalisun jihohi sun yarda. Haka yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka take, tun 2004 ta tsaya a mataki na biyu. Kina cewa "Najeriya ta amince", matar da ake duka za ta zaci tana iya kai takardar gaban alƙali, alhali ba ta iyawa.

Malam Na Kumo: Ta biyun tana da suna tun tuni: tasdiƙi. Haka Larabawa suke cewa a dokar ƙasa da ƙasa. Ta ukun kuwa ni "gidantarwa" nake koyarwa. Gida, gidanta, gidantar, kamar yadda tsabta ta ba mu tsabtace. An shigo da baƙuwa ta zama 'yar gida.

Anti Malama: Allah gafarta Malam, ginin kalmar daidai ne, amma kunne fa? Matar Dukku in ta ji tasdiƙi darasin tauhidi za ta tuna. Gidantarwa kuma, a shirin da ake maganar duka a gidan aure, za a ji kamar ana nufin a mayar da magana cikin gida a rufe, abin da muke yaƙa ke nan.

Malam Na Kumo: Malama, in kowace sabuwar kalma sai mun jira Kano ko gidajen rediyon Turai sun sa mata albarka, yaushe za mu ƙirƙiri tamu? Da daga can ta fito da tuni kun karɓa.

Lauyan Jekadafari: Ba maganar Kano ba ce, Malam. "Ɗaukaka ƙara" ba mu tambayi garinsu ba, mun karɓa ne don tana faɗin abin da ake yi.

Malam Na Kumo: To ai kowace kalma baƙuwa ce ran da aka fara jin ta.

Hajiyar Bolari: Don Allah mu dawo, lokaci na tafiya.

Anti Malama: Ga nawa. Na ɗaya "sa hannu". Na biyu "ɗaure kai da yarjejeniya". Na uku "mayar da ita dokar ƙasa". Yana da tsawo, amma ba ya neman sharhi. Kuma ki ba da misalin da aka kammala: yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, wadda aka mayar dokar ƙasa a 1983, shi ya sa kotunanmu ke aiki da ita.

Lauyan Jekadafari: Na yarda da na uku. Sai dai ki kiyaye, Hajiya: dokar VAPP ta 2015, wadda ta haramta cin zarafin mutane, Abuja kaɗai ta shafa, sai da Bauchi ta yi tata a 2020, Gombe a 2022. Wannan ba mayar da yarjejeniya ba ne, jiha ce ta yi dokarta, ki ce "dokar jiha". Ita ce mai sauraronki za ta riƙe in tana neman kotu ta ba da umarnin kariya, a hana mai dukanta kusantarta. "Ɗaure kai" kuwa bai kwanta mini ba, wasu za su ji ɗaurin kai na ruɗewa.

Hajiyar Bolari: Na gode. Na ɗauki "mayar da ita dokar ƙasa". Na biyun zan ce "ta ɗauki alkawarin aiki da ita" a wannan karon.

Malam Na Kumo: Jimla ce wannan, Hajiya, ba kalma ba. Ku fita da ita tunda lokaci ya ƙure, amma a ajina tasdiƙi zan ci gaba da rubutawa a allo.