'Yan matan ajina sun daina ɗaga hannu, wa ya san aikin Carol Gilligan?

Malama Rabi, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi a wani CEG, wato ƙaramar sakandare, nan Maradi, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. 'Yan matan 6e, ajin farko na CEG, da na jefa tambaya sai yatsu su tashi sama, ana "Madam, ni! Madam, ni!" har sai na buga tebur. Su ɗin dai, in sun kai 4e, aji na uku, sai ka rantse ba su ba ne. Akwai wata da nake riƙe da ita tun 6e, kullum ita ke riga kowa gama aiki. Bana na tsaya kanta, ina ganin amsa daidai rubuce a littafinta, na ce ta faɗa wa aji. Sai ta ja gefen hijabi ta rufe baki, ta ce "ban sani ba". Wani abokin aiki ya ce mini wata Ba'amurkiya, Carol Gilligan, ta yi bincike a kan haka. Wace ce ita? Kuma abin da ta gano ya shafi yaranmu?

Mushe Sani:
Wa alaikumus salam Madam. An haife ta a New York a 1936. Adabi ta fara karantawa kafin ta koma ilimin halayyar ɗan Adam, ta yi digirin dakta a Harvard a 1964. A can ta yi aiki da Lawrence Kohlberg, wanda ya tsara matakai shida da ya ce mutum na bi wajen rarrabe daidai da kuskure. Sai dai yara maza kaɗai ya fara bincikensa da su, sannan aka riƙa auna mata da wannan ma'auni.

Akwai tambayar da yake yi wa yara: matar wani mutum na bakin mutuwa, mai magani ya tsawwala kuɗi, mijin ba shi da hali. Ya sata ko kar ya sata? Gilligan ta kawo amsar yara biyu 'yan shekara 11 a littafinta In a Different Voice na 1982. Namijin ya ce ya sata, rai ya fi dukiya, magana ta ƙare. Yarinyar ta ƙi zaɓa. Ta ce in ya sata aka ɗaure shi, ciwon matar ya dawo, wa zai nemo mata magani? Gara ya nemi rance, ko su zauna da mai maganin su yi magana. A ma'aunin Kohlberg, yarinyar ta faɗo ƙasa da yaron. Gilligan ta ce ba yarinyar ce ta gaza ba, ma'aunin ne bai iya jin irin tunaninta ba.

Abin da ya fi kusa da tambayarki shi ne aikin da suka yi da Lyn Mikel Brown a wata makarantar 'yan mata a Cleveland. Shekara biyar suna hira da yara kusan ɗari, 'yan shekara 7 zuwa 18, suka fitar da sakamakon cikin wani littafi a 1992. Ƙananan suna faɗin ransu ya ɓaci kai tsaye. Da sun doshi balaga sai "ban sani ba" ta yawaita a bakinsu, har a kan abin da suka sani sarai, don gudun kar a ce ba su da kirki ko ƙawaye su guje su. Abin mamaki, ita kanta Gilligan 'ya'yanta uku duk maza ne.

Alhaji Ɗan Gulbi:
Malama, ni ban ga abin damuwa ba. Kunya ce, kuma kunya ado ce ga ɗiya mace. Yarinya ta fara zama budurwa, ga samari a aji, kina so ta riƙa ɗaga murya? Kada mu ɗauko matsalar Amurka mu jibga wa kanmu.

Mushe Sani:
Alhaji, a wani ɓangare kana da gaskiya. Makarantar da suka yi binciken ta kuɗi ce, yawancin yaran 'ya'yan masu hali ne. Kuma masana da suka tattara bincike masu yawa daga baya, irin su Jaffee da Hyde a 2000, sun ga bambancin tunanin maza da mata a kan ɗa'a kaɗan ne, bai kai yadda aka ɗauka ba. Amma ka lura, makarantar ta mata ce zalla, ba namiji ko ɗaya a aji, duk da haka suka yi shiru.

Malama Rabi, unguwar Zariya:
Na gode Mushe, Allah ya ƙara basira. Alhaji, ranka ya daɗe, ni ma da kunya aka tashe ni, har yau ba na kiran sunan ɗana na fari. Amma yarinyar da ta kawar da kai gaban surukai daban, wadda ta ce ba ta san bakwai sau takwas ba alhali ta rubuta 56 daban. Wannan yarinyar da nake faɗi, a lokacin hutu in ka ji ta tana ciniki da mai awara a bakin ƙofar lakol, ko sisi ba a cin ta. Murya na nan.

Kuma namu ya fi na Cleveland nauyi. A ƙasar nan, bisa ƙididdigar 2012, kusan kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, Maradi kuwa na cikin jihohin da abin ya fi yawa. Yarinyar da ta yi shiru, makinta na sauka, uba ya duba takarda ya ce karatun ba ya ci, sai a karɓi goro. Tun kafin BEPC, jarrabawar kammala CEG, benci ya zama wayam.

Ranar Litinin zan raba su rukuni na mutum huɗu-huɗu, su rubuta amsa a ƙaramin allo su ɗaga tare, in ga ko za ta yarda ta yi bayani cikin ƙawayenta. Mushe, in littafin na 1992 yana da fassarar Faransanci, ka sanar da ni, Turancin Ingilishi na ba ya kai ni ko'ina.