'Yata ta warke daga sankarar jini, amma karatu ya yi mata nauyi

Abban Sadiya, Gwale:
Assalamu alaikum. 'Yata ta kamu da sankarar jini tana da shekara 4, aka yi mata maganin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, fiye da shekara biyu, har da allurar da ake yi ta gadon baya, kuma cikin ikon Allah ta warke. Yanzu tana aji huɗu na firamare, amma malamanta na boko da na Islamiyya ƙorafinsu ɗaya ne: ba ta gama kwafar rubutu kafin a goge allo, kuma haddar da ta riƙe da daddare sai ta kakare mata da safe. Wani malami ya ce lalaci ne, ni kuwa zuciyata ba ta yarda ba, domin ina ganin ƙoƙarinta. Shin bincike ya nuna maganin yana taɓa ƙwaƙwalwa?

Likitan Yara, Tarauni:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara mata lafiya. Abin da ka bayyana sananne ne a wurin masana. A Amurka, tun 1994 ake bibiyar dubban waɗanda suka warke daga sankara suna yara, ana kwatanta su da 'yan'uwansu na ciki ɗaya, kuma asibitin St. Jude da ke Memfis ya fara irin wannan bibiya a 2007. An gano cewa gashin da ake yi wa kai da na'ura mai haske mai ƙarfi (radiyoterafi) shi ne ya fi yi wa ƙwaƙwalwa illa, musamman ga ƙananan yara, shi ya sa yanzu yawancin masu sankarar jini ba a yi musu shi. Sai dai maganin metotireksat, wanda shi ne aka fi zubawa a ruwan laka ta gadon baya, shi ma yakan bar tabo, ko da yake bai kai na gashi ba.

Abin da ya kamata malamanta su fahimta shi ne, yawanci yaro ba ya rasa abin da ya riga ya sani. Abin da yakan ragu shi ne saurin tunani, da tattara hankali, da iya riƙe umarni biyu ko uku lokaci guda, kuma sau da yawa matsalar ba ta fitowa sai bayan shekaru, lokacin da karatu ya ƙara zurfi. Kafin a ɗora komai a kan maganin, ka mayar da ita wurin likitocinta a auna jininta, da jinta, da ganinta. A duba hannunta ma, domin binkiristin, ɗaya daga cikin magungunan kemo, yakan raunana jijiyoyin yatsu, rubutu ya yi wahala.

Malama Uwani, Kurna:
Abban Sadiya, ina roƙon ka da ka je makarantar da kanka, ka hana a doke ta. A zaunar da ita a layin gaba, a ƙara mata lokaci a jarrabawa, a riƙa ba ta umarni ɗaya bayan ɗaya. Haddar kuma a rage mata zuwa aya biyu ko uku, ana yawaita tilawa.

Maman Khalifa, Hotoro:
Abban Sadiya, ɗana ma ya sha wannan magani, kuma abin da ya fi damun mu ba maki ba ne, gajiya ce da kaɗaici. Ya rasa zango uku, abokansa suka wuce shi, wasu iyaye kuma suka hana 'ya'yansu wasa da shi, suna zaton cutar ana ɗauka, alhali ba a ɗaukar ta. Sai da muka gyara masa lokacin barci, muka bar shi yana buga ƙwallo da yamma, sannan walwalarsa ta dawo.

Likitan Yara, Tarauni:
Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci, domin binciken ya nuna gajiya da ƙarancin barci da damuwa suna ƙara dagula tattara hankali. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin bayanan daga ƙasashe masu arziki suke, inda fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suke warkewa, alhali a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai kashi 30 ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin kaiwa kashi 60 nan da 2030, kuma idan masu warkewa suka ƙaru, dole asibitocinmu su ci gaba da bibiyar su har cikin aji. Alhaji, ka adana takardar da ke ɗauke da sunayen magungunan da aka yi mata da adadinsu, ka tafi da ita tare da littattafanta na makaranta ranar ganin likita.