Shere bayan walima: a hau ko a bari?

Yaya Babba: Salamu alaikum jama'ar gida. Gobe Asabar ɗaurin aure ƙarfe 11, kafin Azahar walima ta watse. Ni dai ba zan taso tun daga Kano in zo Jos in koma ban taka duwatsun Shere ba. Wajen kilomita 10 ne daga gari, ta gabas. Mu bar gida 2:30, mu kai ƙololuwa, Magariba ta same mu a mota. Kafin wani ya ce mini hadari: Satumba muke ciki, marka ta wuce. Ruwan yanzu rabin awa ne ya ɗauke, ba ya hana hawa dutse.

Auta: Ina ciki, Yaya. Amma hasashen gobe na NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, ya nuna yiwuwar ruwa da tsawa da yamma a Filato.

Yaya Babba: Ai kullum haka suke faɗa. Yau ma sun faɗa, ga gari nan garau.

Kawu: Wa alaikumus salam. Babba, maganarka rabi gaskiya ce, kuma rabin da ya rage shi ne mai haɗarin. Marka ta wuce, haka ne. To ai ruwan marka shi ne mai sauƙin hali: ya wuni yana tsiyaya, ka jiƙe, ka yi rawar ɗari, ka dawo gida. Na ƙarshen damina shi ke zuwa da fushi, kamar na farkonta. Rana ta gasa ƙasa tun safe, zafin ya tashi sama, wajen La'asar gajimare ya haɗu ya yi baƙi, sai iska, sai walƙiya, wani lokaci har da ƙanƙara. Rabin awar da kake rainawa ita ce ba a so ta riski mutum a kan tsauni. Sannan ka lura da inda hadarin ƙasar nan ke tasowa. Daga gabas yake zuwa. Shere kuma tana gabas da gari. Kafin mu na cikin gari mu kwashe shanya, na kan dutse ya riga ya sha duka.

Yaya Babba: Kawu, Allah ya ƙara girma, ai hakan ma taimako ne. Daga sama za mu hango shi tun yana nesa, mu juyo.

Kawu: Hangen Dala ba shiga birni ba. Ka hango shi, sai ka tashi sama ka sauka a mota? Hadari ya fi ka sauri nesa ba kusa ba, kai kuma a lokacin kana laluben inda za ka ajiye ƙafa tsakanin duwatsu.

Ɗan Baffa: Ni fa ban ga abin tsoro ba. Dala da Goron Dutse duk mun hau, har da silifas.

Auta: Yaya, Dala matakala gare ta. Ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829 daga doron teku. Jos kanta wajen 1,200 take. Ba hawan silifas ba ne.

Yaya Babba: Madalla, ka kawo mini hujja da kanka. Bambancin wajen mita 600 ke nan. Masu hawa duwatsu suna da tsohon lissafi, na wani mutumin Sikotilan mai suna Naismith, tun 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ka ga cikin awa biyu mun kai, ko ƙasa da haka. Mu fara 3, ƙarfe 5 muna sama, 6 da 'yan mintuna muna ƙasa.

Kawu: Lissafin daidai ne, amma ba da ku aka yi shi ba. An yi shi ne don ƙaƙƙarfan mutum wanda ya saba, a hanya mai kyau, ba hutu, ba ɗaukar hoto, ba sallar La'asar. Ku kuwa za ku tashi daga kan shinkafar biki da naman rago. Lokacin da aka kai mu horon Man O' War a cibiyar koyar da shugabanci da ke gindin duwatsun nan, abin da malamanmu suka fi nanatawa shi ne tafiyar ayari tafiyar wanda ya fi kowa rauni ce. Akwai wuraren da sai ka sa hannu ka rarrafa, sai mutum ɗaya ya wuce sannan na biye. In ku takwas ne, kowane irin wannan wuri sau takwas za ku jira shi. Kuma ka ba saukowa awa ɗaya kacal, alhali nan ne aka fi faɗuwa. Gwiwa ta gaji, dutsen kuma irin mai sulɓin nan ne, a bushe yana riƙe takalmi, da ya jiƙe gansakukar da ke jikinsa sai ta koma karkashi. A wannan watan rana na faɗuwa wajen 6:30, bayan minti ashirin duhu ya rufe. Lissafinka bai bar ko minti talatin na ko-ta-kwana ba.

Ɗan Baffa: Kawu, rai fa na Allah ne. Wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifa yake aradu za ta same shi.

Gwaggo: Kai rufe mana baki. Wanda ya koya mana tawakkali, sallallahu alaihi wa sallam, shi ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Ranar farin ciki za ku mayar mana da zaman jiran waya? In dai kun nace, kada wanda ya sa jan kaya, kuma ku kashe wayoyinku in an fara cida.

Auta: Gwaggo, a yi mini afuwa, jan kaya da wayar hannu ba sa jawo tsawa. Tsayi ne ke jawo ta: ƙololuwa, bishiyar da ta tsaya ita kaɗai, ko mutum a tsaye a fili. Wayar ma gara tana kunne saboda neman taimako.

Gwaggo: To ɗan boko. Ni dai na faɗa.

Anti Nas: Bari in sa baki, tunda in abu ya faru ni za a fara kira. Ni ba aradun ce ta fi damuna ba, don ba kullum take samun mutum ba. Targaɗe da karaya su ne na kullum. Mutum ɗaya ya gurɗe ƙafa a can sama ƙarfe 5:30, shi ke nan, sai huɗu sun ɗauke shi, a kan jiƙaƙƙen dutse, da hasken waya. Ga sanyi. Can sama ya fi gari sanyi da wajen digiri huɗu, ka haɗa da jiƙaƙƙiyar shadda da iska. Mutumin Kano da ke neman bargo a cikin ɗaki a Jos, ya zai yi a nan?

Yaya Babba: Anti, an fara cin fuska ke nan. To ku ji. Akwai koguna a jikin duwatsun, in ya tsuge mu fake har ya wuce.

Kawu: Daga ruwa kogo zai kare ka, daga tsawa ba lallai ba. In aradu ta faɗa kan dutse, wutar bin jikinsa take yi ta gangaro, wanda ya raɓe a bakin ƙaramin kogo yana kan hanyarta. Mafakar kirki gini ne ko mota mai rufin ƙarfe, kuma duk biyun suna ƙasa.

Auta: Akwai ƙa'idar da za mu iya bi. Ƙara tana cin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya sai ka fara ƙirge har ka ji tsawar. In bai kai 30 ba, hadarin bai wuce kilomita 10 daga inda kake ba, a nemi mafaka, kuma a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Kawu: Ƙa'ida mai kyau ga mai ƙwallo a fili, wanda ɗaki ke kusa da shi. Wanda ke tafiyar awa guda daga mota, in ya fara ƙirgen nan ya riga ya makara.

Yaya Babba: Wato dai kun haɗa mini kai. Amma har yanzu ba wanda ya ce tabbas za a yi ruwan. Yiwuwa aka ce. Da wannan yiwuwar mutanen ƙauyukan gindin dutsen ke noma da kiwo kullum.

Kawu: Su sun san kowace ƙorama da kowace gajeriyar hanya, kuma ba ka ganinsu a ƙololuwa da La'asar sakaliya a damina. Ni ban ce kada a hau ba. Lahadi bayan Asuba, ƙarfe 6:30 muna gindin dutse da ɗan jagora daga mutanen wurin, kafin rana ta take mun sauko. Da safe hadari bai cika haɗuwa ba, in ma wani abu ya faru akwai wuni guda a gabanmu. Ni da kaina zan raka ku iya inda gwiwata ta yarda.

Yaya Babba: Lahadi da safe nake kama hanya, Litinin ina da aiki.

Anti Nas: Ka tashi ƙarfe 1, kafin dare ka shiga Kano.

Yaya Babba: Ba na son yamma ta yi mini a hanyar Saminaka. Ga tawa shawarar: gobe mu je kamar yadda na ce, amma ba alkawarin ƙololuwa. Ƙarfe 4:30 duk inda muke mu juyo, ko da saura taku goma. In kuma tun daga gida muka ga gabas ta yi duhu, mu tsaya iya madatsar ruwan Lamingo mu yi hotuna.

Kawu: Wa zai riƙe agogon? Na san ka tun kana rarrafe. In ka ga ƙololuwa a gabanka, 4:30 za ta zama 5.

Yaya Babba: Auta ya riƙe.

Auta: Ni in ce wa Yaya Babba ya juya? Ku rufa mini asiri. A ba Anti.

Anti Nas: Ni ta Lahadi nake. Amma in za ku gobe, kambas, ba silifas ba, kowa da tocilarsa da ruwansa da rigar sanyi a leda, kuma ban da yara.

Ɗan Baffa: Ni silifas kawai na zo da su, sai takalmin biki.

Gwaggo: Alhamdu lillahi, an rage ɗaya. Babba, ka kira ni yanzu, ba a nan ba.