"Playing away": me ya haɗa ƙwallo da aure?

Ɗan Ƙwallo: Assalamu alaikum. Na ji wani Bature a rediyo yana cewa wane ya daɗe yana *playing away*. Na ɗauka ƙwallo ake nufi, sai na ji maganar ta kai ga mutuwar aure. Don Allah a warware min.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Maganar mutanen Ingila ce, kuma daga ƙwallon ta samo asali. Kowace ƙungiya tana da filinta, wata rana kuma ta baƙunci filin wasu, wannan shi ne *playing away*, wato buga wasa a waje. Magidancin da ke da farka a waje, shi ne ya bar filin gida. Amurkawa sukan ce *two-timing*, wato riƙe mata biyu ba tare da ɗaya ta san da ɗaya ba. Suna da wata ma da siyasa ta haifa. A 2009 gwamnan jihar South Carolina ta Amurka, Mark Sanford, ya ɓace na kwanaki, ma'aikatansa suka ce ya tafi tattaki a hanyar duwatsun Appalachia, ashe yana Ajantina wurin farkarsa. Tun daga nan, in aka ce wane ya tafi wannan tattakin, kowa ya gane.

Uwar Biyu: Malam, ni kalmar wasan ce ke ƙona min rai. Mace tana ɗaki tana kuka, 'ya'ya suna tambayar ina Baba, amma a kira abin wasa? Kalmar *cheat* ma da Turawa ke kiran cin amanar aure da ita, ai ita suke faɗa wa yaron da ya saci amsa a jarrabawa. Mu muka ce cin amana. An damƙa maka abu, ka cinye shi. Ba a faɗin wannan ana dariya.

'Yar Zariya: Anti, gaskiyarki, amma mu ma muna yi wa maza sassauci. Namiji sai a ce yana neman mata, kamar wata 'yar ɗabi'a. Mace kuwa sunan da za a laƙaba mata ba ya faɗuwa a nan. Kwarto ne kaɗai na sani da ke da zafi a kan namiji, shi ma don ya shiga gonar wani namijin ne.

Ɗan Ƙwallo: To wanda ke neman ta biyu fa? Na ga matasa suna kiran budurwarsa *side chick*.

Malamin Turanci: Kuskure ne babba. *Side chick* daduro ce, wadda ake ɓoyewa kuma ba a nufin aurenta. A Ingila auren mace biyu laifi ne a doka, don haka harshensu bai tanadi wurin yarinyar da aka je gidansu aka gaida iyayenta ba. Kiranta da wannan suna ƙazafi ne.

Uwar Biyu: Na yarda, Malam, in ya je gidan nasu. Wanda ya shekara uku yana hira a waya da tsakar dare, in aka kama shi ya ce ai aure zai yi, ni dai ba zan kira wannan neman aure ba.